An Busa wa Baba Jiniya

Izbat Yanni, Fabrairu 1985

Yaya Hilmi,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma bama-baman da muke ji a rediyo a nan Misira suna faɗawa nesa da inda kake kwana a Basra. Mu dai alhamdu lillahi. Tarin Baba yana nan yadda ka san shi, da asuba ya tashe mu, da hantsi ya lafa. Gwaibar da Inna ta dasa a tsakar gida ta yi sabon ganye. Ummu Sha'aban ta maƙwabta tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko takarda ce ta yi tsada a Iraƙi, don rabonmu da wasiƙarka tun Babbar Salla.

Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Ranar Juma'a Rayyis Bayyumi, shugaban ɗakin saƙa, ya zo gidan nan. Sai da ya shanye shayi ya ƙara kafin ya iya buɗe baki. Sannan ya juya ya fuskanci Baba sosai, ya ce, "Usta Abdul-Maugud, watan Yuni za ka cika sittin."

Baba ya ce, "Wa yake ƙirga mini?"

Ya ce, "Kamfani."

Baba ya ce, "Tunda nake bai taɓa ƙirga mini komai daidai ba, sai wannan?"

Suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ka san dokar garin nan, sai fa in dabinon Basra ya mantar da kai. Gida yana bin inji. Wanda yake tsaye a kan injinan saƙa shi ke da ɗaki biyu da tsakar gida da famfo a Layin Saƙa. Ranar da ya sauka, in ɗansa ya hau injinan, gida ya zauna. In babu ɗa, a kwashe kaya. Haka Kaka ya bar wa Baba, haka Baba yake jira ya bar maka. Ka kuma san inda masu kwashe kaya suke ƙarewa, Bayan Kabari, cikin ɗakunan langa-langa. Can Ammu Girgis mai rini yake yanzu, ruwan lambatun marina yana shigar masa har ƙarƙashin gado, yau ja gobe shuɗi. Tsoho mai ƙirji irin na Baba ba zai yi hunturu biyu a wurin ba.

Rayyis ya ce zai riƙe maka injinan Baba, ba zai ba kowa ba, tunda ka taɓa yin shekara biyu a kansu kafin ka tsere. Ya ce dama maza sun ƙare a Izba, rabi suna Iraƙi rabi suna Kuwait, injina na tsaye babu mai taɓa su.

Ni saura mini shekara guda in gama makarantar horon malamai a Damanhur. Amma malamar makaranta ba ta da gida a Izbat Yanni, ko da 'ya'yan manaja take karantarwa.

Baba bai ce in rubuto maka ba, ka san halinsa. Sai dai ya fito da tsohuwar rigar aikinka daga akwati, ya ba ni in wanke.

Ka dawo kafin Yuni.

Ƙanwarka,
Itimad

*

Basra, Afrilu 1985

Itimad,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na gode Allah da kuke lafiya. Ni ma lafiya nake, ina nan ina shimfiɗa tayil a gidajen mutane, gwiwoyina ne kawai suke ƙara. Bama-bamai can bakin kogi suke faɗawa. Ki gaida Ummu Sha'aban, ki ce mata takarda ba ta yi tsada ba, labarin daɗi ne ya yi.

Kin ce dabino ya mantar da ni. Ban manta komai ba, shi ya sa ma nake nan. Bari in zana miki garinmu, tunda ke a cikinsa kike, ba kya ganinsa. Kaka ya ce da Hawaga Yanni ya zo daga ƙasar Girka, abin da ya fara yi shi ne ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama don ya san inda iska take bi. Daga arewa take zuwa, daga teku. Sai ya gina gidansa da na injiniyoyi da kulob a arewa, ya dasa musu itatuwa. Ya kafa masaƙa a tsakiya. Mu kuma da ya kwaso kakanninmu daga kudancin ƙasa, ya jera mu a bayanta, inda hayaƙi da ƙurar auduga suke sauka. Layin Saƙa, Layin Kaɗi, Layin Rini, kowa gwargwadon darajarsa a wurin inji. Titi guda ya ja mana, miƙaƙƙe, daga ƙofar masaƙa zuwa maƙabarta, don kada wani ya ɓata hanya. Da gwamnati ta karɓe kamfanin Kaka har rawa ya taka a kan titin nan. Aka sauke allo mai sunan Yanni aka kafa wani. Iska dai ba ta sake hanya ba.

Wannan ne gadon da kike kira na in zo in karɓa?

Ke kina ƙarama lokacin da Inna ta kwanta. Ni na riƙe mata kwano tana tofar da audugar da ta shaƙa a ɗakin shiɓa. Ranar da ta cika aka busa mata jiniya, doguwa, garin ya yi tsit. Kafin mu dawo daga maƙabarta wata ta tsaya a wurinta. Ladan mutum ke nan a Izba, jiniya: gajeriya in ya yi ritaya, doguwa in ya mutu. Ni ban ga wadda ta fi wata ba. A kan kabarin Inna na yi rantsuwa ba za a busa mini ko ɗaya ba.

Kuma maganar wanke riga, ki daina mini irin wannan. Na san hannunki a cikin zance tun kina tatata.

Ba zan dawo in hau inji ba. Amma ban ce ku koma Bayan Kabari ba. Ki nemi ɗaki mai kyau a Damanhur kusa da makarantarki, ni zan riƙa biya. Baba ya shaƙi iskar da babu auduga a cikinta ko sau ɗaya kafin ya mutu, ke kuma ki gama karatunki. Mene ne a gidan nan in ban da bango mai zufa da gwaiba guda?

Baba ba ya karatu, kuma ba na so maganata ta bi ta bakinki ki ƙara mata barkono. Don haka na yi masa kaset. Ga shi nan tare da sabuwar rikoda a hannun Fauzi direba. Ki kanga masa a kunnen hagu, ki ƙure murya. Na yi masa bayanin komai a hankali, zai gane.

Yayanki,
Hilmi

*

Izbat Yanni, farkon Mayu 1985

Yaya,

Sallama. Muna raye. Rikoda ta iso, tana da kyau, har da madannai masu sheƙi. Allah ya ƙara buɗi.

Kunnen hagu. Shekara biyu ke nan da kunnen hagun Baba ya toshe ya bi na dama, kuma na rubuta maka a lokacin. Da alama ka karanta gaisuwa ka tsallake sauran, kamar yadda ka saba.

Bari in ba ka labarin kaset ɗinka. Da Baba ya ji cewa saƙo ne daga gare ka, sai ya yi wanka, ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya aika aka kira Rayyis Bayyumi da Ummu Sha'aban da rabin Layin Saƙa. Na ce masa mu fara saurara mu kaɗai, ya ce, "Ɗana zai faɗi ranar zuwansa, in ɓoye wa mutane?" Aka cika tsakar gida. Na danna.

Kowa ya ji ka, Yaya. Kowa ya ji kana cewa ba za ka zama bawan inji ba kamar ubanka da kakanka. Rayyis ya ji, yaran da suka hau katanga sun ji. Mutum ɗaya ne bai ji ba. Yana zaune ya ɗora tafin hannunsa a kan rikodar, yana murmushi, yana cewa, "Kun ji ƙarfin murya? Yaron nan yana cin abinci."

Da ka gama ya dubi bakina ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Yana gaishe ka."

Ya ce, "Duk wannan tsawon gaisuwa ce?"

Kafin in ƙirƙiro wani abu, Ummu Sha'aban ta karkata wajen Rayyis ta ce ƙasa-ƙasa, "Wayyo, ashe yaron ba zai zo ba." Ita 'yar Layin Kaɗi ce aure ya kawo ta, har yau ba ta koyi cewa ba a yin raɗa a gaban masaƙi ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana karanta bakin abokinsa daga wancan ƙarshen ɗakin saƙa, a cikin rugugin injina, shi za a yi wa ƙasa-ƙasa? Baba ya ɗauke hannunsa daga kan rikodar. Ya ce mini, "Kashe abin nan, yana cin batir." Sannan ya tashi da kansa ya zuba wa baƙi shayi.

Ka ce ba ka so maganarka ta bi ta bakina. To ta wane baki kake so ta bi? Baba da ido yake ji. In kana da magana da shi, fuska ake kawo masa, ba akwati mai madannai ba.

Sai maganar Damanhur. Kai mai zana gari, akwai abin da ka manta ba ka sa a zanenka ba. A Izbat Yanni Baba ba kurma ba ne. Mai sayar da ful, dafaffen waken nan, yana fuskantarsa in zai yi magana, mai aski haka, liman ma buɗe baki yake yi sosai a huɗuba don ya san rabin sahun gaba masaƙa ne. A gidan shayi su Baba suna zagin alƙalin ƙwallo daga wannan tebur zuwa wancan ba tare da an ji sautin kowa ba. Ka kai shi Damanhur, inda mutane suke magana suna kallon gefe, ka kulle shi a ɗaki ke nan ka jefar da makulli. Na gwada masa zancen, ya ce in ma Bayan Kabari ne gara nan, don ko ba komai zai riƙa ganin bakin da ya sani.

Haushinka nake ji, Yaya, haushin da ban taɓa jin irinsa ba. Inna tawa ce ni ma. Ba kai kaɗai aka yi wa mutuwa ba, amma kai kaɗai ka samu damar yin rantsuwa ka hau jirgi.

Shekaranjiya Baba ya yanke jiki ya faɗi a tsakanin injina. A kan ƙofa aka ɗauko shi zuwa gida. Ya ce santsin mai ne. Na ga abin da ke jikin hankicinsa, ba mai ba ne.

Itimad

*

Izbat Yanni, Mayu 1985

Yaya Hilmi,

Sallama. Ina lafiya.

Ranar Alhamis aka busa wa Baba jiniya. Duk Izba ta fito, har mutanen arewa. Kai ne kawai babu.

Ba sai ka sake wahalar da kanka kan maganar gida ba.

Itimad

*

Basra, Agusta 1985

Itimad ƙanwata,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa shi da Inna a inda babu tari. Kada ki tambayi lafiyata, ba ni da amsa.

Wasiƙunki biyu tare suka iso, a makon jiya. An rufe hanya, suka yi ta zama a jakar wani Bamisire mutumin Tanta a Bagadaza. Na karanta ta farko ina zaginki, na buɗe ta biyu ina shirin ƙara zagi. Na duba watan da kika rubuta a sama har sau ban san adadi ba, ina neman Yuni, ban same shi ba. Mayu ne. Ba a busa wa mutum gajeriya kafin lokacinsa.

Layi uku, Itimad. Ubana ya mutu kin ba ni layi uku. Ko kare ne ya mutu a Layin Rini ai ya fi haka samun bayani. Wa ya yi masa wanka? Kusa da Inna aka sa shi? Ya ambace ni, ko ya mutu da maganar kaset ɗin nan a ransa? Kin san wannan tambayar za ta cinye ni, shi ya sa kika bar ni da ita. Kin iya hukunci, Allah ya ba ki ɗalibai masu haƙuri.

Sadakar arba'in ta wuce ban sani ba, ina can ina jera wa wani tayil a banɗaki. Na yi zaman makoki a nan. Misirawan unguwarmu sun zo, aka yi karatu, aka sha gahawa ba sukari. Wani tsoho ɗan Layin Saƙa da ke gadi a nan ya zauna nesa da ni, da muka haɗa ido sai ya motsa baki ba sauti, irin na ɗakin saƙa, ya ce, "Ubanka usta ne, gwanin saƙa." Na gane shi sarai. Na zaci na manta wannan yaren. Ranar da na fara shiga ɗakin saƙa, ƙara ta sa na rikice har na kusa kuka, sai na hangi Baba daga can ƙarshen layi yana ce mini da leɓe, "Rufe baki, auduga za ta shiga." Maganar farko ke nan da na karanta. Na tashi daga cikin mutane na shiga ɗaki.

Har yanzu ina kan bakana game da garin nan. Shi ya kashe shi, kamar yadda ya kashe Inna. Amma da na san Mayu ce iyakarsa, da na zo na tsaya a kan injinan ko na wata guda ne, ya gan ni a cikin rigar.

Ina kike kwana yanzu? Sun fitar da ke? Wa aka ba gidan, kuma sun sare gwaibar? Fasfo ɗina yana hannun mai aikin, ya ce sai an gama ginin nan, amma ina bin sa kullum. Kada ki bar makaranta ko me zai faru.

Akwai abin da hannuna ya kasa rubutawa. Na faɗe shi a kaset, ga shi nan a cikin ambulan. Wannan naki ne, ke da kunnenki lafiya lau.

Yayanki,
Hilmi

*

Izbat Yanni, Oktoba 1985

Yaya Hilmi,

Sallama da gaisuwa. Baba yana gaishe ka. Ga shi nan zaune a gindin gwaiba yana cin ful da albasa, yana faɗa wai na cika gishiri. Ƙirjinsa ya ɗan yi sauƙi tunda ya bar shaƙar auduga. Na gaya masa an yi zaman makokinsa a Basra, ya tambaya ko mutane sun taru. Na ce sun taru. Ya ce, "To madalla, Allah ya ba su lada, a ajiye mini shi."

Gajeriya aka busa. Bayan faɗuwar nan likitan kamfani ya ce ba zai sake hawa inji ba, aka sauke shi kafin Yuni. Ban rubuta doguwa ba, kai ka karanta doguwa. Na lura da yadda layin zai faɗo maka tun kafin in liƙe ambulan, na kuma liƙe. Ba zan ba ka haƙuri ba. Na so ka ɗanɗana mako guda daga cikin abin da nake ci kullum. Rufe hanya ba ni na yi shi ba.

Tunda kana son bayani, ga shi. An tsayar da shi a filin gaban masaƙa, manaja ya zo daga arewa ya ba shi hannu. Aka busa. Mata suka yi guɗa, maza suka cire hula. Shi kuwa yana tsaye ya juya wa masaƙa baya, yana kallon titin da motar Damanhur take shigowa. Sai da tattabarun kan rufi suka tashi gaba ɗaya sannan ya ɗaga kai ya ce, "Au, har an busa?" Shekara arba'in yana jiran jiniyar nan, a fukafukan tattabaru ya gan ta.

Ka tambayi inda nake kwana. A ɗakina nake kwana. Na ce maka ba sai ka wahalar da kanka kan gida ba, nan ma ka karanta abin da ka ga dama.

Washegarin jiniya na je wurin Rayyis Bayyumi na ce ya ba ni injinan. Ya ce, "'Yata, doka cewa ta yi ɗa."

Na ce, "Dokar wa? Yanni ya mutu, 'ya'ya maza suna Iraƙi suna wa mutane tayil. Ko injin ne zai leƙa ya ga wa ke tsaye?"

Ya ce tunda aka kafa ɗakin saƙa mace ba ta taɓa tsayawa a ciki ba. Na ce ya nuna mini namijin da zai ba. Ya sosa ƙeya, ya hau wurin manaja, ya sauko. Tun watan Yuni nake kan injinan Baba. Yanzu mu uku ne mata a ɗakin, don da aka ga ban mutu ba wasu ma sun zo ceton gidajensu.

Makaranta kuwa, shawararka ta iso a makare. Littattafaina suna cikin akwatin da rigarka ta fito.

Baba ya yi fushi da ni fiye da yadda ya yi da kai. Ya daina kallon bakina, ka kuwa san abin da wannan yake nufi a gidanmu. Ya ce ba don wannan ya yi ta biyan kuɗin mota zuwa Damanhur ba. Ranar da zan fara aiki na tashi na tarar da rigarka a kan kujera, ya rage mata hannu da almakashi, ya kalmashe da ɗinkinsa mai kama da tafiyar kaguwa. Yanzu kullum shi ke raka ni ƙofar masaƙa, in na shiga ya tsaya a taga yana zagina da leɓe in na yi jinkirin ƙulla zare. Na fara gane zagin, Rayyis ya ce alama ce mai kyau.

In ka karɓi fasfo ka zo. Ba don inji ba, wannan an gama. Ka zo da fuskarka, ka aske gashin bakin nan da na gani a hoto, don ya rufe maka leɓe, Baba ba zai gane abin da kake cewa ba.

Kaset ɗinka ya iso ranar Litinin. Na sa shi da na tashi daga aiki, na ƙure murya, na ji kamar kana magana a cikin rijiya. Na ajiye shi sai Juma'a. Ranar hutu ƙugin da ke cikin kaina yana lafawa wajen la'asar, kunnena ya dawo. Baba ya ce in akwai abin da nake son ji in yi sauri in ji shi bana, don a shekarar farko ce kawai yake dawowa.

Ƙanwarka,
Itimad